Fargaba da rashin barci a shekarun asibiti: yadda na nemi magani a inda nake koyon aiki

Tun da labari ya zaga hostel ɗinmu cewa na taɓa shiga sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da katin ganin likita a hannu, ba da logbuk ba (littafin da malamai ke sa wa ɗalibi hannu a kan ayyukan da ya yi), ƙannena ɗaliban likita na aji huɗu da na biyar suke lallaɓowa ɗakina bayan isha'i. Sai yarinya ta fara da aron littafi, ta yi ta kewaye-kewaye, can sai ta sauke murya ta ce, "Yaya, wai ta ina ake farawa?" Ni ma tambayar da ta daɗe tana riƙe ni ke nan. An koya mana sunan cuta da maganinta da yadda maganin yake aiki a jiki, amma ba wanda ya taɓa nuna mana ƙofar da ɗalibi zai bi idan shi ne ba shi da lafiya. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda tawa ta kasance daki-daki. Ba zan ambaci makaranta ko asibiti ba, domin tsarin kusan ɗaya ne a yawancin asibitocin koyarwa na ƙasar nan.

Abin ya faro ne a aji biyar, a fostin ɗin yara, wato zangon koyon aiki a sashen yara, kuma fostin ɗin ya faɗo tsakiyar damina. Duk wanda ya yi kol, wato aikin kwana, a ɗakin gaggawa na yara a watan Agusta ko Satumba a Arewa ya san abin da nake nufi. Zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida, yara biyu ko uku a gado ɗaya, wannan yana jijjiga, wancan jininsa ya ƙare ana neman mai bayarwa, uwa ta riƙe mini gefen hijabi tana cewa, "Likita, don Allah duba mini shi," alhali ko ruwa zan saka sai an tsaya a kaina. Gari na wayewa kuma ga raun, wato zagayen duba marasa lafiya gado-gado. A tsaya gaban kwansoltan, wato babban likita, da rajistirori, likitocin da ke ƙarƙashinsa, da nas-nas da iyayen yaro, a ce ka gabatar da mara lafiyarka. Akwai malaman da suke gyara cikin mutunci, Allah Ya saka musu. Akwai kuma waɗanda hankalinsu ba ya kwanciya sai duk wod ɗin, wato ɗakin da aka kwantar da marasa lafiya, ya ji cewa ba ka san komai ba. Da farko daren kol kawai nake rasa barci, wannan kuwa kowa haka yake. Sannu a hankali sai ya zama ko ba ni da aiki, da na kwanta kaina zai ɗauko lissafi: na faɗa wa haus ofisa, sabon likitan da ke shekarar horonsa, sakamakon jinin yaron nan kuwa? Me za a tambaye ni gobe? In barci ya sace ni wajen ƙarfe biyu, kafin huɗu na farka gabana yana dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe. Da safe in sha shayi mai kauri da Nescafé don ido ya buɗe, da yamma in ƙara da lemon ƙarin kuzari saboda karatu. Aka gama yara muka koma ɓangaren haihuwa, hunturu ya shigo ya kusa fita, abin yana nan. Na rame, cikina ya ƙi zama, shafi ɗaya sai in maimaita shi ban san me na karanta ba. Kamar kowane ɗalibin likita, na riƙa yanke wa kaina hukunci, yau ciwon zuciya, gobe tairoyid, ƙwayar nan ta maƙogwaro.

Matakin da kusan kowa yake fara takawa shi ne na baranda. Ka tare wani na gaba da kai da kuke shiri, ka faɗa masa a tsaye cikin minti biyu. Ni wata haus ofisa na tara, mutuniyar kirki. Ta ce, "Haba ƙanwata, gajiya ce, duk mun yi," ta yago takarda ta rubuta mini bromazepam, ƙwaya mai sa barci dangin diazepam, na 'yan kwanaki. Na kai wani kantin magani a bakin asibiti. Mai kantin dattijon famasist ne. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce babu lambar folda, babu hatimi, babu cikakken sunan likita, shi ba ya ba da irin wannan magani a kan haka. Sai ya kalli farar rigar da na rataya a hannu ya ce, "'Yata, wanzami dai ba ya son jarfa. Je ki a buɗe miki folda a duba ki kamar kowa." Na fita raina a ɓace, amma maganarsa tana kan hanya. Dangin diazepam suna kwantar da mutum a daren farko, sai dai jiki yana sabawa da su da wuri, shi ya sa ƙa'ida ba a wuce mako biyu zuwa huɗu a kansu, kuma idan aka yanke su rashin barcin yakan dawo da ƙarfinsa. A baranda ba mai tambayarka tun yaushe, ba mai auna ka, ba kuma mai ba ka ranar dawowa.

A ƙarshen makon na je gida na faɗa wa Umma. Abin da ta fara kawowa shi ne baki, da kuma irin wuraren da muke kwana, ɗakin haihuwa da tsakar dare da wucewa ta gefen ɗakin ajiye gawa. Ta sa aka yi mini tofi, ta tsananta mini azkar ɗin kwanciya, Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, kuma har yau ban bar su ba. Da na ce ina son ganin likitan ƙwaƙwalwa sai fuskarta ta sauya. Ba magani take ƙi ba. Tsoronta kada wani ya gan ni a can, maganar ta zaga dangi a ce 'yar wance ta samu taɓin hankali, ga ni budurwa. Abba ne ya raba gardamar. Ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya yi umarni da neman magani, don haka a ci gaba da addu'a a kuma je asibiti. Ya ba ni kuɗi ya ce in adana kowane rasit.

Nan rikicin takardu ya soma. Cikin kuɗin rajistar kowace shekara muna biyan na inshorar lafiyar ɗalibai, shirin da ake kira TISHIP, wanda yake ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda kafin dokar 2022 ake ce mata NHIS. Zatona tun da a asibitin koyarwa nake wuni nake kwana, katin ɗaliba kawai zan nuna a gan ni. Ashe ba haka ba ne. A tsarin inshorar, asibitina na farko shi ne kilinik ɗin jami'a da ke can babban kamfas, inda aka buɗe mini fayil tun ina aji ɗaya har na manta da shi. Asibitin koyarwa mataki na gaba ne, ba a shigarsa da inshora sai da takardar turawa daga kilinik da lambar amincewa daga kamfanin da ke kula da inshorar, wato HMO. Malamin da ke teburin inshora ne ya warware mini wannan, bayan na gama bin layin da ba nawa ba. Na nemi izinin safiya daga shugaban rukuninmu, na hau adaidaita sahu na koma kamfas. Abin da suka nema a can shi ne katin ɗalibi, rasit ɗin rajistar shekarar da ake ciki, hoton fasfo, da lambar fayil in an tuna. Sunana bai fito a jerin 'yan bana ba sai da na ba da kwafin rasit aka tura. Ɗaliban da suka koma asibiti su ne aka fi mantawa da su a wannan jerin, saboda ba ma zuwa kamfas lokacin da ake sabunta shi.

A hanya na shirya in ce zazzaɓi da ciwon kai ne, amma da na zauna gaban likitar sai na faɗa mata yadda abin yake. Ba ta yi mamaki ba. Ta auna hawan jini, ta ƙirga bugun zuciya ya haura ɗari, ta rubuta gwajin maleriya da yawan jini da suga da awon zuciya na ECG, sannan na tairoyid. Dalilinta shi ne wannan ƙwaya ta maƙogwaro, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, idan ta yi aiki fiye da kima takan ba da rama da rawar hannu da faɗuwar gaba da rashin barci, daidai da abin da nake ji. Ƙananan gwaje-gwajen inshora ta ɗauka. Na tairoyid ba a yi a can, a wani lab na kuɗi na yi, ya ci mini sama da naira dubu goma a lokacin, sakamakon kuma sai da aka kwana biyu. Komai ya fito lafiya in ban da jini da ya ɗan yi ƙasa. Maimakon murna sai na ji kamar an ƙwace mini uzuri, domin da tairoyid ne da na faɗa wa kowa ba tare da kunya ba.

Da ta zo rubuta takardar turawa sai ta tambaye ni inda nake so, kuma na ji daɗin tambayar. Zaɓi biyu ne. Ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitinmu, inda malaman da za su yi mini jarrabawa suke, inda kuma 'yan ajinmu ke zaman fostin, ko asibitin ƙwaƙwalwa na musamman. A Arewa akwai na Barnawa a Kaduna, da na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Na san waɗanda suka zaɓi tafiya nesa saboda sirri, kuma ban ga laifinsu ba. Ni lissafin da na yi shi ne wannan ba zuwa ɗaya ba ne, za a riƙa ba ni ranar dawowa, kuma duk ranar da na bar gari an rubuta mini fashi. Sai na zaɓi na gida. Lambar HMO ta ɗauki kwanaki, kuma ba kiran mutum ake ba. Na karɓi lambar wayar teburin na riƙa bibiya har ta fito.

Ranar zuwa na bar farar riga da abin sauraren ƙirji a ɗaki, na zura dogon hijabi da takunkumi. Ofishin rekod ake fara zuwa a buɗe folda. Mai lambar inshora ba ya biyan kuɗin kati. Wanda ba shi da ita sai ya je wurin biya ya dawo da rasit, kuma kuɗin kati da na ganin likita a lokacin ba su kai dubu biyar ba. Daga nan nas ta auna mutum ta jera foldarsa. Na isa kafin takwas na tarar benci ya cika: tsohuwa da jikanta mai farfaɗiya, saurayi da ƙaninsa ya riƙe masa hannu, mai jego da mijinta yana goye da jaririn a kafaɗa. Ina zaune sai ga 'yan ajinmu sun wuce da logbuk a hannu suna dariya. Jikina ya yi sanyi, har na fara duba ƙofar fita. Sai na daure na tashi na samu matiron ɗin kilinik ɗin, shugabar nas-nas, na raɗa mata cewa ni ɗaliba ce a nan. Ko kai ba ta ɗaga sosai ba, alamar ba ni ce ta farko ba. Ta zare foldata daga cikin waɗanda ake kaiwa ɗakin koyarwa, ta sa ni a wani ofis na ciki, ta ce, "Zauna nan 'yata, babban rajistira zai gan ki in ya gama." Wannan ita ce maganar da na fi so a riƙe: ka faɗa tun a teburin nas. Kowane mara lafiya yana da ikon cewa ba ya son ɗalibai a ɗakin, ballantana wanda ɗaliban abokan ajinsa ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanan mara lafiya sai da izininsa a rubuce ko umarnin kotu da makamancin haka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ƙara jaddada sirri da hana wariya.

Sai bayan azahar aka kira ni, kuma zaman ya wuce awa guda. Mu da muka saba zama a kujerar mai tambaya, komawa ɗaya kujerar ba ƙaramin abu ba ne. Na fara zuba masa kalmomin littafi da Turanci kamar ina gabatar da mara lafiya a raun. Ya yi murmushi ya ce, "Dakta, yau ki ajiye likitancin a bakin ƙofa, ki ba ni labari da Hausa." Nan ne hawaye ya zo. Ya jira na gama, ya ci gaba. Ya tambayi kofin shayi nawa nake sha da lokacin da nake sha, ko ina cin goro, ko na taɓa kusantar tiramadol ko maganin tari mai kodin, ko akwai mai irin wannan a danginmu. Ya tambaya ko na taɓa yin kwanaki ba barci amma ina jin ƙarfi da zumuɗi da yawan magana, domin mai irin wancan ciwon ba a ba shi maganin fargaba kai tsaye. Ya kuma tambaye ni, ba tare da kwana-kwana ba, ko na taɓa jin gara in mutu ko tunanin cutar da kaina. Kowa ake wa wannan tambayar, kada ta firgita ka, kuma kada ka ɓoye amsarta. Ya ba ni takardu biyu na cika. Ta farko GAD-7 ce, tambaya bakwai a kan mako biyun da suka wuce, makinta daga sifili zuwa 21, daga 10 ake ɗaukar abin da muhimmanci. Nawa ya haura 15. Ta biyu PHQ-9 ce ta ciwon damuwa, wannan bai yi sama sosai ba. Ya ce fargaba ce da ta daɗe, tare da rashin barci da ya zama ciwo mai zaman kansa, domin idan mutum ya kai wata uku yana rasa barci aƙalla dare uku a mako kuma yana shafar aikinsa na rana, an wuce batun gajiya. Abin da ya fi shiga raina shi ne bayaninsa cewa yanzu ba wod ne kawai ke hana ni barci ba, tsoron kada in kasa barcin ma ya zama dalili.

Ya ɗora ni a kan sertraline, maganin fargaba da damuwa. Da gangan ba zan faɗi awon ba, don na san halinmu. Ya gargaɗe ni cewa makon farko da na biyu zan iya jin tashin zuciya, fargabar ma ta ɗan ƙaru, amfanin kuma ba ya bayyana sai an yi mako huɗu zuwa shida. Haka kuwa aka yi, kuma ba don ya faɗa ba da na watsar da shi tun a makon farko. Ya ce in ya karɓe ni za a ci gaba aƙalla shekara guda, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, ragewa ake a hankali. Wani watan a samu a famasin asibiti, wani watan a ce babu, sai na saya a waje da 'yan dubbai, farashin ya danganta da kamfanin da ya yi.

Daga nan ya tura ni wurin saikolojis, masaniyar halayyar ɗan Adam da ke yin magani ta hanyar zantawa, kuma nan ne jira ya fi tsawo, don su ba su da yawa. Makonni na yi kafin layi ya zo kaina. Kafin ranar an ba ni takardar lissafin barci in cika kowace safiya har mako biyu: yaushe na kwanta, yaushe nake jin barci ya ɗauke ni, sau nawa na farka, yaushe na tashi, me na sha. Da ta karɓa sai ta ɗauki biro ta yi lissafi a gabana. Ina shafe kusan awa tara a kan gado, barcin bai wuce huɗu da rabi ba. Ta ce abin da ake so shi ne kashi 85 cikin ɗari na lokacin kwanciya ya zama barci, kuma hanyar ita ce a rage zaman gado, ba a ƙara ba. Na ɗauka wasa take. Ta yanka mini lokaci, sha ɗaya da rabi na dare zuwa kiran asuba, kuma babu komawa bayan salla ko da daren bai yi kyau ba. In mako ya yi kyau a ƙara minti goma sha biyar. Ƙailula ta halatta amma kada ta wuce minti ashirin zuwa talatin, kuma kafin la'asar. Shayi mai kauri da Nescafé da lemon kuzari su tsaya daga azahar, domin sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wato shayin magariba yana nan tare da mutum a kan matashi.

Inda muka daɗe muna magana shi ne gadon kansa. A hostel, ɗaki ɗaya mutum huɗu, gado shi ne teburin karatu, shi ne wurin cin abinci, shi ne falon hira da kallon waya. Ta ce ƙwaƙwalwata ta riga ta haɗa wannan katifar da jarrabawa. Muka yi yarjejeniya karatu ya koma aji ko masallacin hostel. In na kwanta na ga kamar minti ashirin ta wuce ba barci, in sauko in zauna kan sallaya da 'yar fitila mara haske sosai, in yi lazimi ko in karanta abin da ba na makaranta ba, sai na ji barci in koma. Ba duba agogo, ba taɓa waya. Ta kuma sa kafin in bar wod in rubuta duk abin da ya rage a kan marasa lafiyata in miƙa wa wanda zai karɓa, sannan bayan la'asar in ware minti goma sha biyar in rubuta abubuwan da ke damuna da abin da zan iya yi a kan kowanne. Da farko na raina wannan, amma shi ya kashe lissafin tsakar daren nan. Makon farko na rage zaman gado ya yi wuya sosai, a raun har layi nake. Shi ya sa ba a yin wannan tsarin da ka: mai farfaɗiya ko mai ciwon da na ambata na zumuɗi rage masa barci na iya tayar masa da ciwo, mai tuƙi kuma sai ya kula.

Ana cikin haka azumi ya kama, ga zafi, ga ɗauke wuta, ga sauro. Na ɗauka tsarin ya rushe. Saikolojis ɗin ta ce a'a, a dai gyara shi: in kwanta bayan tarawi ba tare da zaman hira ba, in tashi sahur, in riƙe gajeriyar ƙailula, shayi mai kauri ya koma sahur maimakon buɗa-baki. Likita ya mayar da maganin lokacin sahur tun da sau ɗaya ne a rana. Goman ƙarshe kuwa takardar lissafina ta hargitse da tahajjud, ba ta ce komai ba, bayan salla muka ɗora daga inda muka tsaya.

Saura makaranta. A wurinmu wanda bai cika kashi 75 na halarta ba, ko logbuk ɗinsa bai cika ba, ba ya zama jarrabawa, kuma uzurin baki ba ya aiki. Likitana ya ga ya kamata a ɗauke mini kol na dare na wata guda yayin da barcin ke daidaita. Wannan sai da rahoton likita, shi kuma sai an rubuta takardar nema an biya kuɗinsa, ya ɗauki fiye da mako. Na roƙi kada a rubuta sunan ciwon, aka rubuta cewa ina ƙarƙashin kulawar asibiti kuma ana ba da shawarar kaza. Makaranta ba ta buƙatar fiye da haka. Na haɗa shi da wasiƙa zuwa ga shugaban tsangaya, ta hannun shugaban sashe da malamin da ke kula da ajinmu. Na yi kwafi uku, kowane ofis na kai sai sakatare ya buga mini hatimin karɓa da kwanan wata a kan nawa. Wannan kwafin ya yi mini rana lokacin da aka nemi takardar a wani ofis aka rasa. Wani malami da ya gani ya ce, "A zamaninmu kwana uku muke a ɗakin haihuwa ba mu mutu ba." Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," ya sa hannu na fita. Malamin ajinmu kuwa bai tambaye ni komai ba, ya tsara mini yadda zan rama haihuwar da ake so in karɓa da rana da kuma ƙarshen mako. Muhimmin abu a nan shi ne lokaci. Rahoton da ya shiga kafin jarrabawa uzuri ne, wanda ya shiga bayan sakamako ya fito kallon dabara ake masa.

Wajen mako na shida na fara lura ina farkawa da kiran salla, ba da faɗuwar gaba ba. Ranar dawowa ta fara da mako biyu-biyu, ta koma wata-wata, daga baya wata uku. Ba miƙaƙƙiyar hanya ba ce. Da jarrabawar yara da haihuwa ta matso, abin ya dawo na kusan mako biyu. Bambancin shi ne wannan karon na san abin yi, na ɗauko takardar lissafi na koma kan tsari, na kuma je kafin ranata. Da na koma kol sai na riƙa ɗan kwanciya kafin in shiga, in na fito kuma in yi barcin kamar awa ɗaya da rabi kafin azahar, ba wuni ba, don kada dare ya lalace.

Wani babban nazari da ya fito a mujallar likitoci ta JAMA a 2016, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe sama da arba'in, ya nuna kashi 27 cikin ɗari na ɗaliban likita suna da alamun ciwon damuwa, kuma cikinsu waɗanda suka nemi magani ba su kai kashi 16 ba. Wani na 2019 ya samu fargaba a kusan ɗaya cikin uku. Idan na duba ajinmu ba na jin mun fita daga wannan lissafin. A ganina wani ɓangare na laifin yana kan yadda ake koyarwa. Dizgi a gaban mara lafiya ba ya ƙara wa ɗalibi sani, yana koya masa ɓoye abin da bai sani ba ne, kuma ɗalibin da ya saba ɓoye jahilcinsa zai ɓoye ciwonsa. Sannan kwana ana karatu da ake yi wa kirari kamar jarumta, ƙwaƙwalwa a cikin barci take adana abin da aka karanta, mu da kanmu muka haddace wannan a fiziyoloji.

Ɗaliban nas da ungozoma da na kwalejojin kiwon lafiya, waɗanda su ma ke juyin dare, ba duka ne makarantunsu ke cikin inshorar ba. Wanda ba shi da ita, ko ba zai iya jiran lambar HMO ba, ya je sashen marasa lafiya na waje, GOPD, ya yanki kati ya ga likitan iyali. Suna iya fara kula da fargaba da rashin barci, su tura mutum gaba in da buƙata, kuma zama a layinsu ba ya jawo ido. Amma wanda tunanin kashe kansa ya fara zo masa, ko ya yi kwanaki ba barci yana jin ƙarfi yana sambatu, ko ya fara ƙara ƙwayar barci a kan wadda ya saba, wannan ba batun jiran takarda ba ne. A kai shi ɗakin gaggawa a daren, a kira likitan ƙwaƙwalwa da ke kol, kuma kada a bar shi shi kaɗai ko da ya rantse ya ji sauƙi.

Ni har yanzu ina kan magani. Likitana ya ce ba za mu fara ragewa ana gab da jarrabawar ƙarshe ba, kuma ba a watannin farko na hausjob ba, wato shekarar horon sabon likita, lokacin da kol zai ninka na ɗalibta. Ya yi alƙawarin rubuta mini taƙaitaccen bayanin jinyata da zan kai duk asibitin da na samu gurbi. Wanda zai bar garin da yake ganin likita ya nemi wannan takardar tun kafin ya gama kiliyarans, wato takardun sallama daga makaranta, domin ita ma sai an nema a rubuce, kuma takan ɗauki mako guda ko fiye.